Wasiƙar Akawu Daga Kazaure: Awara Abinci Ce, Ba Magani Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa waɗansu wasiƙu biyu da suka zo hannuna cikin watan nan, in kuma sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a zuciya.

Wasiƙa ta fari wani malamin makaranta ne ya aiko ta daga Babura. Ya ce ya ji ana faɗi wai a cikin waken soya akwai wani sinadari mai suna aisofilabon, wanda ya ke hana jijiyoyin jini toshewa. Yana so ya san ko gaskiya ne, don ciwon zuciya ne ya yi ajalin mahaifinsa, ga shi kuwa shi ma ya ba shekara arba'in baya. Ta biyu daga ƙasar Roni ta fito, wurin wani malamin allo. Shi kuwa akasin wannan ya ji. An ce masa sinadarin nan na mata ne, yana kashe wa namiji ƙarfi, har ya hana almajiransa sayen awara da 'yan kuɗin da su ke samu. Ga wake ɗaya, wani ya ɗauke shi magani, wani ya ɗauke shi dafi. To, malamai, ku yi haƙuri ku saurara, amma kafin in ba ku amsa sai na ba ku labarin kawuna.

Kawuna manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gwiwa, dattijo mai kusan shekara sittin. An auna shi a asibiti aka ce yana da hawan jini, aka ɗora shi bisa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Yana sha, yana nomansa, ba abin da ya dame shi. Ran nan, ranar kasuwa, ya gamu da wani mai tallar magani da lasifika a kan mota, yana sayar da wani gari cikin gwangwani. Yana cewa daga waken soya aka tatso shi, wai yana wanke jijiya kamar yadda a ke yashe rijiya, wanda ya sha wata uku ya rabu da ƙwayar asibiti har abada. Kawu dama ya gaji da haɗiyar ƙwaya, sai ya sayar da ɗan akuyarsa ya sayi gwangwani uku. Da na je gaishe shi na ga gwangwanin a bakin gado, na ce, "Kawu, ina ƙwayarka?" Ya ce, "Ɗan nan, ai na sami abin da ya fi ta. Ku 'yan boko ba ku yarda da kome sai abin da likita ya rubuta." Na yi dariya na bar maganar, don nauyin gardama da babba, don kuma a sa'an nan ba ni da hujjar da zan kawo masa. Kafin a yanke gero, wata rana da asuba ya tashi zai fita, ya yanke jiki ya faɗi. Yau yana nan da ransa, mun gode wa Allah, amma hannun hagu ba ya riƙe fartanya, ƙafa kuwa janta ya ke yi. Dariyar nan da na yi ita ce nauyin da na ambata. Tun daga ran nan na ɗaura aniyar bin diddigin wannan magana, abin da na samo kuwa shi ne zan shimfiɗa muku yau.

Bari mu fara da cutar kanta. Jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi kamar magudanan ruwa su ke, irin waɗanda masu lambu ke ja daga bakin dam ɗin Kazaure zuwa fangalinsu. Sa'ad da aka haifi mutum cikinsu sumul ya ke. Amma a cikin jini akwai wani maiƙo da a ke kira kolestarol, hanta ce ke yin mafi yawansa, saura kuwa daga abinci ya ke zuwa. Ba mugun abu ba ne a kan kansa, don jiki yana bukatarsa. Sai dai akwai irinsa guda, wanda likitoci ke rubuta shi LDL, in ya yi yawa ya kan kutsa cikin bangon jijiya, tun ba inda hawan jini ko hayaƙin taba ko ciwon sukari suka ƙuje bangon ba. In ya shiga sai ya gurɓace, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dogaran jiki, su zo su haɗiye shi, su ƙoshi su mutu a nan, wurin ya zama tsibi. Yau da gobe tsibin yana girma, hanya tana ƙuntata. Wata rana fatar da ta rufe tsibin ta fashe, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe ɗungum. In a jijiyar zuciya abin ya auku, shi ne bugun zuciya. In a wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko da ya ke wani lokaci hawan jini ne ke fasa jijiyar ƙwaƙwalwa, sakamakon kuwa ɗaya ne. Likitoci suna kiran wannan cuta aterosikilerosis, daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya ma'anarta kunu, ɗaya tauri. Watau kunu ne da ya sandare cikin jijiya.

Ba yau aka fara saninta ba. A shekarar 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya tarar jijiyoyinsu sun yi irin wannan tsibi. A 1953 kuma likitocin sojan Amurka suka duba gawar samari 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, waɗanda shekarunsu bisa matsakaicin lissafi 22 ne kacal, suka iske kashi 77 cikin ɗari cutar ta riga ta fara kama jijiyar zuciyarsu. Ashe ba cutar tsufa ba ce, da ƙuruciya ta ke shiga, sai da tsufa ta ke bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, watau kusan ɗaya cikin uku na dukan waɗanda suka mutu a duniya cikin shekarar.

To, shi aisofilabon ɗin fa, mene ne? Wani sinadari ne da tsire-tsire dangin wake ke yi don kare kansu daga cuta, amma cikin abincin ɗan Adam babu inda ya ke da yawa kamar waken soya. Wakenmu na gida da gyaɗa abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Manyansa biyu ne, jenistin da daizin. Abin da ya ja hankalin masana gare shi kuwa, siffarsa ta yi kama da ta istirojin, watau sinadarin da ke jikin mata mai tafiyar da al'ada da haihuwa. Daga tumaki aka fara gane haka. Cikin shekarun 1940, a yammacin Ostireliya, tumakin da ke kiwo cikin wata ciyawa mai yawan wannan sinadari suka daina ɗaukar ciki, makiyaya suka yi hasara mai yawa. Bayan haka sai masana suka haɗa abu biyu. Na ɗaya, mata ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba sai bayan al'ada ta ɗauke musu, aka zaci istirojin ne ke kare su. Na biyu, mutanen Japan, waɗanda babbansu ke cin miligiram 25 zuwa 50 na aisofilabon kullum, ciwon zuciya bai yi musu yawa kamar mutanen Amurka da Turai ba, waɗanda abin da su ke ci bai kai miligiram 3 ba. Sai aka ce, ko dai asirin yana cikin waken nan ne?

Ni akawu ne, al'adarmu kuwa ba mu rufe littafi sai mun duba shafi biyu, na abin da ya shigo da na abin da ya fita. Bari in fara da shafin riba.

Cikin shekarun 1990, a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Thomas Clarkson da abokan aikinsa suka raba birai kashi-kashi. Waɗansu aka ba su furotin na madara, watau sinadarin gina jiki, waɗansu na soya wanda aka wanke aisofilabon daga cikinsa, waɗansu kuwa na soya da aisofilabon ɗinsa. Na ƙarshen nan su suka fi ƙarancin tsibi a jijiyar zuciya. A 1995 James Anderson na Jami'ar Kentucky ya tattara gwaje-gwaje 38 da aka yi kan mutane, ya ce wanda ke cin kimanin giram 47 na furotin soya kullum LDL ɗinsa ya kan ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Bisa irin wannan ne a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yardar wa masu kamfani su rubuta a jikin kayansu cewa giram 25 na furotin soya kullum yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Daga nan kasuwa ta buɗe. Har wa yau an bi mutane masu yawa ana rubuta abin da su ke ci da abin da ya same su. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, a 2003, cikin mata kusan 65,000, masu yawan cin soya sun fi ƙarancin ciwon zuciya. A Japan, a 2007, cikin mutum kimanin 40,000, an ga irin wannan ga mata, musamman waɗanda al'ada ta ɗauke musu, amma ba a gan shi ga maza ba. A 2020 masanan Jami'ar Harvard suka ba da lissafin mutum fiye da 200,000 da aka bi shekara da shekaru. Waɗanda suka fi cin aisofilabon haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 13 cikin ɗari, masu cin awara ko da sau ɗaya a mako kuwa da kashi 18, in an gwada su da waɗanda ba su cinta ko sau ɗaya a wata. Ga masu shan madarar soya ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba.

Mai lasifika a nan ya ke rufe littafi. Mu kuwa sai mun juya shafi.

Da farko, irin wannan ƙidaya tana da wani rauni. In ka zaga ƙauyukan Roni ka tarar gidajen da ke da shanun huɗa sun fi cika rumbu, ba za ka ce shanun kaɗai suka yi aikin ba, don mai shanu shi ne mai taki, shi ne kuma mai halin sayen iri mai kyau. Haka mai cin awara a Amurka, sau da yawa shi ne mai cin ganye, mai motsa jiki, wanda ba ya shan taba. Masana suna ƙoƙarin cire waɗannan daga lissafi, amma ba su fita duka. Ga shi kuma a Singafo, a 2014, an ba da labarin mutum fiye da 63,000 'yan asalin Sin, ba a tarar cin soya ya rage mutuwa ta ciwon zuciya ba.

Hanyar da ta fi kore shakka ita ce a raba mutane biyu ta ƙuri'a, a ba waɗannan abin, a ba waɗancan wani abu mai kama da shi, ba wanda ya san abin da aka ba shi, sa'an nan a auna. Da aka yawaita irin wannan gwaji sai riba ta yi ta zaizayewa. A 2006 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba gwaje-gwaje 22, ta ce furotin soya, ko da an ci kimanin giram 50 kullum, abin da ya ke rage wa LDL kashi 3 ne cikin ɗari. Aisofilabon tsantsarsa kuwa, a gwaje-gwaje 19, in an haɗa su bai rage kome ba. Don haka ta ce ba ta ba kowa shawarar shan ƙwayarsa ko garinsa ba, amma ta yabi awara da sauran abincin soya in sun maye gurbin abinci mai kitse. A 2011 Howard Hodis da abokansa a birnin Los Anjalis suka ba da sakamakon gwajin da ya auna jijiyar kanta. Mata 350 waɗanda al'ada ta ɗauke musu aka raba biyu, rabi suna shan giram 25 na furotin soya mai miligiram 91 na aisofilabon kullum, rabi na madara, har kusan shekara uku, ana auna kaurin bangon jijiyar wuya da na'ura. Masu shan soya kaurin ya yi jinkirin ƙaruwa da kashi 16 cikin ɗari, amma bambancin bai kai yadda masu lissafi za su ce ba dace ba ne. Ga matan da ba su wuce shekara biyar da ɗaukewar al'ada ba an ga alamar amfani ya fi haka, sai dai su kaɗan ne cikin taron. A 2017 hukumar nan da ta ba da izini a 1999, ita da kanta ta kawo shawarar janye shi, ta ce shaidun da suka biyo baya ba su zo ɗaya ba.

Me ya sa birai suka amfana fiye da mutane? Ɗaya daga dalilan da masana ke zato yana cikin hanji. Akwai waɗansu ƙananan halittu a hanji da ke juya daizin ya zama wani sinadari mai suna ikwal, wanda ya fi shi ƙarfi. Birai da ɓeraye suna yin wannan a sauƙaƙe. Mutane kuwa ba duka ba: a Turai da Amurka kimanin mutum uku cikin goma, a Japan da Sin kimanin rabi. Saboda haka mutum biyu za su ci awara faranti ɗaya, abin da ya isa jininsu ya bambanta.

Yanzu bari mu ja layi mu fitar da jimla. Malam na Babura, ka ɗauka an auna LDL ɗinka an sami 160. Kashi 3 cikin ɗari na 160 bai cika 5 ba, watau ka sauko zuwa 155. Kafin ka sami ko giram 25 na furotin sai ka ci abin da ya fito daga kimanin giram 70 na busasshen wake, kullum ba fashi. Ƙwayar da likitoci ke bayarwa don maiƙon jini, wadda a ke kira sitatin, ta kan rage kashi 30 zuwa 50, watau ta sauko da 160 zuwa wajen 110 ko ƙasa da haka. Ka ga bambancin kwabo da fam. Kwabo ma kuɗi ne, ba a raina shi, amma wanda a ke bi bashin fam ba ya biya da kwabo. Amsarka ke nan: waken soya abinci ne mai kyau ga zuciya, taimakonsa ɗan kaɗan ne, mafi yawan taimakon kuwa daga abin da ya kora daga akushinka ya ke zuwa, watau kitsen nama. Ba a taɓa tabbatar da cewa aisofilabon yana kankare tsibin da ya riga ya zauna cikin jijiya ba, balle ya ɗauke wa mutum shan maganin hawan jini.

Malam na Roni, Allah ya gafarta malam, ga taka amsar. Gaskiya ne sinadarin ya yi kama da na mata, amma kama da wane ba ta wane, ƙarfinsa bai ko kusa da na istirojin na jiki ba. A 2010, da kuma 2021, an tattara gwaje-gwajen da aka yi kan maza, na bayan nan guda 41 ne, ba a tarar soya ta rage sinadarin mazakuta ba. Tumakin Ostireliya wuni su ke yi suna cin ciyawar nan ba sauyi, jikin tunkiya kuma ba ya sarrafa ta kamar na mutum. An dai ba da labari a 2008 na wani dattijo ɗan shekara 60 a Amurka wanda ya ke shan kusan lita uku ta madarar soya kullum, har ƙirjinsa ya kumbura kamar na mace, da ya bari kuwa abin ya lafa. Ko zuma in an sha irin wannan sha sai ta yi ɓarna. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin awara, yau sun haura miliyan dubu da ɗari huɗu. Busasshen waken soya fiye da sulusinsa furotin ne, wakenmu na gida kuwa kimanin rubu'i. Yaron da nama ba ya isa bakinsa sai da salla, awara ce namansa. Ina roƙon malam ya janye hanin nan, ya bar yara su ci.

Saura magana kan yadda mu ke cinta a nan, don awarar da aka yi lissafi da ita a Shanghai da Japan, galibi a cikin romo ko miya a ke cinta. Waken soya baƙo ne a ƙasarmu. A 1908 Turawa suka fara gwada shuka shi a gonar gwaji ta Moor a Ibadan, bai yi ba. Sai da aka kawo wani iri daga Malaya a 1937 ya karɓu, Tibi na ƙasar Binuwai suka riƙe nomansa. Kakanninmu ba su san awara ba, iyayenmu da girmansu suka gan ta. Yau kuwa ba ƙofar makaranta ko tasha daga Kazaure har Babura da ba za ka ga kaskon ƙwai-da-ƙwai ba. Matanmu sun gwanance: a jiƙa wake, a kai markaɗe, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a juye cikin ƙyalle a danne da dutse. Har zuwa nan abinci ne wanda ba shi da aibi. Daga nan ne mu ke ɓata rawarmu da tsalle. A yanka, a tsoma cikin mai ta sha ta ƙoshi, a barbaɗe da yaji mai gishiri da dunƙule.

Akwai wata dattijuwa mai suyar awara kusa da ofishinmu. Ran nan na ce mata, "Inna, man nan kwana nawa ya yi a kasko?" Ta ce, "Malam, in na zubar da mai me zan kai gida? Ƙari na ke yi a kai." Ban ga laifinta ba, don ribar ba ta da yawa. Amma man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ya kan gurɓace, ba alheri ba ne ga jijiya. Gishiri kuwa shi ne abokin hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, watau ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da na miya da na yaji duka, ga shi kuwa dunƙulen nan da ya kori daddawa daga tukwanenmu kusan rabinsa gishiri ne. Sai muka shirya da Inna, ina sayen tawa kafin ta shiga mai. Ita ta huta da ɓarnar mai, ni kuma a gida a yanka mini ita cikin miyar alayyafo ko ta zogale.

Kada kuma mu yi ta hangen Japan mu bar abin da aka auna a ƙofar gidanmu. A 2018 Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa suka ba da sakamakon wani babban aiki da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sun ɗauki mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye, aka gwada ko wane ɗaya da wani tsaransa wanda abin bai same shi ba. Suka tarar kimanin tara cikin goma na wannan ciwo a ƙasashenmu yana da hannun hawan jini. Cikin sauran abubuwan da suka lissafta akwai yawan maiƙo a jini, da ciwon sukari, da cin nama a kai a kai, da ƙara gishiri bisa abinci bayan an dafa, da shan taba, da ƙarancin cin ganye. Ku dubi na ƙarshen nan, jama'a. Zogale da rama da yakuwa da tafasa, waɗanda mu ke raina su mu ce cimar talaka, ga su a bayan gida ba ko sisi, amma mutum ya sayar da akuya ya sayi gari a gwangwani.

Saboda haka ga shawarata a taƙaice. Duk wanda ya kai shekara talatin ya je a auna jininsa ko da sau ɗaya a shekara, don hawan jini ba ya sallama. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko fiye, a bi abin da likita ya ce, wanda aka ɗora bisa ƙwaya kuma kada ya bari don ya ji sauƙi, ko don wani ya yi masa romon baka. A ci awara sau biyu ko uku a mako a madadin nama mai kitse, ba a kan naman ba, a dafa ta cikin miya, in kuwa za a soya a yi da sabon mai kaɗan. A zuba garin soyayyen waken soya cikin kunun yara da na manya, amma kada a ci shi ɗanye, don ɗanyensa yana hana abinci narkewa. A rage gishiri da dunƙule, a mai da daddawa tukunya, ta kalwa ce ko ta soya. Mai shan taba ya bari. Mu kuma akawuna da malamai, masu wuni a kujera da buzu, mu riƙa taka ƙasa da ƙafa.

Na koma Gwiwa makon jiya na karanta wa Kawu abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya nuna mini gwangwanin nan, yanzu kusoshi a ke ajiyewa ciki. Ya ce, "Ɗan nan, da ka faɗa mini wannan tun ran nan, ko da zan yi maka faɗa, ai da ya fi." Ba ni da amsa. Don haka ina roƙon malaman makaranta da na zaure da 'yan'uwana akawuna, ku da Allah ya ba karatu, in kun ga irin wannan gwangwani a ɗakin dattijonku, ku durƙusa ku yi magana cikin ladabi, kada ku yi dariya ku wuce kamar yadda na yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye masu lafiya, amin. Sai wani mako in rai ya kai.

Naku,
Akawu, Kazaure.